Taka, Riƙe, Saki: Aikin Malam Haladu na Ƙarshe

Ina zaune a kujerar direba cikin motar Baba Ishaya, a garejinmu na Makera, ina jiran Malam Haladu ya iso mu ƙarasa aiki, sai wayata ta yi ƙara. Ƙaninsa ne. Ko sallama bai iya yi ba, ya ce, "Malam Sale, Yaya ya rasu bayan asuba." Na yi salati, na sake yi. Sai can na lura ƙafata tana ta taka kuloci, yana nutsewa har ƙasa kamar soso.

Tun muna samari muke kanikanci tare. Kulocin da ke aiki da mai, idan iska ta shiga bututunsa, mutum biyu ke fitar da ita: ɗaya a sama yana takawa, ɗaya a ƙasa da sifana yana buɗe ɗan notin da iskar ke fita. Ni ne na sama, shi ne na ƙasa. Yakan tsokane ni cewa ba don gwaninta aka ba ni kujera ba, don tumbina ba ya shiga ƙarƙashin mota ne. Daga can zai ce, "Taka!" In yi ta takawa. "Riƙe!" In danne. Sai ya rufe notin ya ce, "Saki!" Wannan muryar ce ta hana ni sukuni tun ranar.

Mutum ne da ba ya miƙa wa mai mota makulli sai ya goge sitiyari, ya mayar da kujera yadda ya same ta. Idan na yi saurin ɗora wa wani ƙarfe laifi, yakan ce, "Kada ka zagi ƙarfe kafin ka saurare shi." A kan kuloci kuwa maganarsa ɗaya ce: "Iska ba ta da wayo, Sale, kullum sama take gudu. Ka buɗe mata ƙofa a sama."

Baba Ishaya tsohon ma'aikacin masaƙa ne daga Unguwar Boro, kuma da motar nan yake kai matarsa, Mama Talatu, wankin ƙoda. Giyabos ɗin motar ya mutu, muka ɗora mata wani ɗan Beljiyam. Haladu ya ce masa, "Baba, kafin ranar asibitin Mama, motarka tana ƙofar gida." Da yammacin jajibirin rasuwarsa ya ɗaura mastan ƙasa, wato ƙaramin tulun da mai ke shiga ya tura kuloci, ya fito yana dafe da kai. Ya ce ciwon kai ne kawai, mu bar fitar da iska sai gobe.

Bayan sadakar uku na kasa zama a gida. Na zo gareji na tarar da Baba Ishaya, ya sake zuwa ta'aziyya. Bai ce komai a kan mota ba, amma na san washegari ce ranar asibiti. Na ce masa ba ni da mai taka mini.

"Haba Malam Sale," ya ce, "ƙafa dai ina da ita. Ka faɗa mini abin da zan yi."

Haka na cusa tumbin nan a ƙarƙashin mota. Muka yi ta yi, man kulocin yana fitowa tas babu kumfa, kuloci kuwa bai fasa nutsewa ba. Na kwance mastan sama, wanda ke tura man zuwa na ƙasa, robobinsa lafiya lau. Na bi bututu da yatsa, babu inda yake yoyo. Na fito, na zagaya motar, na koma, na sake fitowa. Har na fara tunanin sauke giyabos ɗin gaba ɗaya, abin da ba zai ƙare a yini guda ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don alkawarin ƙarshe da abokina ya ɗauka yana shirin karyewa a hannuna.

Na sake kwanciya, wannan karon ban taɓa komai ba, na zuba ido kawai. Sai na ga ɗan notin yana kallon ƙasa. An ɗaura mastan ƙasa a kife, domin mazauninsa a sabon giyabos yana karɓarsa ta kowane gefe. Iskar ta taru a sama, mu kuwa muna ta buɗe mata ƙofa a ƙasa. Na kai hannu kan ƙusoshin, ɗaya ta juya da yatsa kawai.

Haladu mai lafiya ba zai taɓa yin haka ba. A nan na gane ba ciwon kai kawai ba ne: ido da hannu sun riga sun fara ƙin yi masa biyayya, amma ya ƙi fitowa sai ya ɗaura, saboda wata baiwar Allah tana jiran mota. Ban faɗi wannan don in tona masa asiri ba, sai don a san yadda ya yi yininsa na ƙarshe.

Na juya mastan, na ɗaure. Na ce, "Taka, Baba. Riƙe!" Na buɗe noti, iska ta fito tana tofi. Muka maimaita har mai ya zo tas, na rufe. 

"Malam Sale, ya yi ƙarfi fa!" in ji Baba daga sama. "Ƙafata ta gaji. In saki?"

Na daɗe ina share ido da bayan hannu kafin na ce, "Saki, Baba."

Washegari Mama Talatu ta je asibiti a motarsu.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Haladu, Ka yalwata masa makwanci, Ka karɓi alkawarin nan cikin ayyukansa na alheri. Ka zama gatan matarsa Malama Asabe da 'ya'yansa, Ka sanyaya musu zuciya. Ni kuma da na saba riƙewa har sai na ji muryarsa, Ka ba ni haƙurin saki. Amin.