Sahabi da Ƙauyen da Ke Bayan Motar Haruna

Duk mai yawan bin hanyar Gusau zuwa Funtua zai iya tuna wata tsohuwar motar katako mai ɗaukar hatsi, wadda aka zana ƙauye guda a ƙyauren bayanta: rumbuna masu hular ciyawa, tsamiya ta karkata gabas, ga tafki can baya da hanyar ƙafa ta ratsa gonakin dawa. Sahabi Usman ne ya zana. Ƙauyen kuwa nasu ne, Tungar Tambaya, can bayan Tsafe, inda yanzu babu mai kwana.

Tare muka yi karatu da Sahabi a Gusau, muka yi difloma a fannin aikin gona. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, kuma ko a aji hannunsa ba ya zama. Malami na bayanin takin zamani, shi yana zana taga da bishiyar darbejiyar da ke bayanta. Ya taɓa gaya mini tun yana ƙarami yake wannan abu, da gawayi, a bangon zaurensu. Ya sha duka a kai. Baffansa Malam Yahaya ne ya raba gardamar, ya ce a ƙyale yaro, amma da sharaɗi: ya zana itace da gida da dutse son ransa, kada dai ya zana abu mai rai. Sahabi ya riƙe wannan magana har ya girma.

Lokacin da muke shirin gamawa, shi ne ya fi kowa sanin abin da yake so. Malamin gona zai zama, a ba shi babur, ya riƙa zagaya ƙauyukan Tsafe yana nuna wa mutane irin da ke jure fari, da yamma ya koma gida ya zauna ƙarƙashin tsamiya da takardunsa na zane. Haka ya tsara, kuma babu wanda ya ga abin ya yi yawa.

A shekarar da muka gama ne mutanen Tungar Tambaya suka tashi. 'Yan bindiga sun matsa wa yankin, noma ya gagara, kwana ya gagara. Aka kwashi abin da za a iya ɗauka aka fito Tsafe. Mahaifinsa bai daɗe a can ba ciwo ya kama shi, Allah Ya yi masa rasuwa. Sahabi ya ɗauko mahaifiyarsa Inna Kulu da ƙanwarsa Bara'atu, ya kama musu ɗaki a Sabon Garin Gusau, cikin gidan haya mai yawan jama'a, inda Inna Kulu ta ce ko shanya mutum zai yi sai ya nemi izini.

Aikin gwamnati bai zo ba. Ya cike takardun neman aiki ta waya, ya cike a shagon kwamfuta, ya je jarrabawa Sakkwato, ya je Kaduna, kowane lokaci a ce a jira saƙo. Da jiran ya yi tsawo, sai wani abokin mahaifinsa ya haɗa shi da Alhaji Buba, wani dillalin hatsi a Bunguɗu. Aikinsa awo da ɗinkin buhu, sannan ya sa wa kowane buhu alamar mai shi da fenti. Kullum da safe ya hau mota daga Gusau, da yamma ya dawo jikinsa duk ƙaiƙayi.

Na haɗu da shi a wannan lokacin a tasha, na tambaye shi zane.

"Na bari," ya ce. "In na dawo gida hannuna a gajiye yake. Kuma me zan zana? Bangon maƙwabta?"

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Wani direba, Haruna, shi ne ya dawo da shi kan zane. Shi ke kwasar hatsin Alhaji Buba zuwa Funtua, mutum mai surutu da son ado, ko madubin motarsa sai da ya ɗaura masa tuntu. Wata rana ana lodi ya tsaya yana kallon yadda Sahabi ke rubuta suna a buhu, harafi ɗaya bai fi ɗaya ba.

"Malam Sahabi, wannan hannun ai ya fi ƙarfin buhu. Ka iya zane?"

"Da can."

"To ga bayan motata nan, fentin ya koɗe. Ka zana mini zaki, baki buɗe, yadda duk wanda ya biyo ni zai ja baya."

"Ba na zana abu mai rai."

Haruna ya tafa hannu. "To zana mini duk abin da ka ga dama, in dai ba ya tsufa kamar ni."

Ranakun da babu lodi Sahabi ya riƙa zuwa bayan shagon da gwangwanayen fenti. Ya ce da farko dutsen Kwatarkwashi ya yi niyyar zanawa, tunda kowa ya san shi. Amma da ya ɗora buroshi, sai ya ga layin da ya ja ba na dutse ba ne, hanyar da ke fita daga ƙofar gidansu ce zuwa tafki. Bai goge ba. Ya bi ta. Ya sa rumbun mahaifinsa, ya sa na Baffa Yahaya da ya ɗan tsage ta gefe, ya sa masallacin ƙasa da dangar kara. Abubuwan da ya ɗauka ya manta suka riƙa fitowa da kansu. Ranar da ya gama, ya zauna a kan buhun masara yana kallo har aka kira la'asar, bai san lokaci ya tafi ba.

Tafiyar farko da Haruna ya yi da sabon zanen, ya tsaya Tsafe shan shayi. Kafin ya gama, mutane sun taru a bayan motar. Wani dattijo mai sayar da rake, Mahadi, ɗan Tungar Tambaya ne, ya ajiye wuƙarsa ya matso har yana taɓa katakon da yatsa.

"Wanga ai garinmu ne," ya ce. "Ga rumbun Usman nan. Wa ya yi wanga aiki?"

Haruna ya ce da ya waiwaya, sai ya ga dattijon ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Mata masu tallar gyaɗa suka aika a kira 'yan'uwansu. Sai da Haruna ya yi ta roƙo kafin aka ba shi hanya ya tafi.

Da labari ya kai wa Inna Kulu, ta ce sai ta gani da idonta. Haruna ya shigo da motar har bakin layinsu a Sabon Gari, ya tare hanya, masu babur na ta zagi. Ta fito da mayafinta, ta tsaya tana duban zanen sama da ƙasa. Sahabi na gefe yana jiran yabo.

"Ƙohwar ɗakina ba nan take kallo ba," ta ce. "Kudu take kallo. Kuma ina turmina? Kullum nan gindin danga yake."

"Inna, wuri ne ya yi kaɗan."

"Wurin turmi guda?"

Washegari ya je da ƙaramin buroshi ya gyara ƙofar, ya sa turmi. Bara'atu ta gaya mini ranar Inna Kulu ta yi ta ba su labarin mutanen garin, gida gida, har da waɗanda suka rasu tun kafin a haifi Sahabi, abin da ba ta taɓa yi ba tun fitowarsu.

Daga nan aiki ya buɗe, irin wanda bai nema ba. Mutanen da suka baro ƙauyukansu suka riƙa nemansa ya zana musu nasu. Wani ya kawo falankin katako, wani murfin tsohon akwati, wata ta ce a bangon ɗakinta take so. Ba su da hoto ko ɗaya, sai baki. Su zauna su yi ta kwatance, shi yana ja, suna cewa a'a, matsar da rijiyar, kukar ta fi haka kauri. Wani Bafulatani da ya baro rugarsu ya zo har Bunguɗu, ya kwatanta masa bukkoki da turaku da mashaya. Da aka gama ya duba, ya ce, "Malam, ina shanun?" Sahabi ya faɗa masa sharaɗinsa. Mutumin ya sake duban zanen, ya ce, "Bar shi haka. Ai yanzu ma babu su." Ya naɗe kayansa a bargo ya tafi.

Amma yini guda ne, kuma buhuna ba sa ɗinka kansu. Sahabi ya fara makara. Wata rana ya sa alamar wani a buhunan wani, aka kai kaya Funtua aka yi ta rigima. Alhaji Buba ya kira shi cikin shago, ba da faɗa ba.

"Sahabi, mahaifinka mutumin kirki ne, shi ya sa ban ɗaga maka murya ba. Amma ka zaɓa. In zane za ka yi, ka yi, Allah Ya sa albarka. In aikina za ka yi, ina son hankalinka ya zo tare da kai."

Sahabi ya ba da haƙuri. Ya daina karɓar zane sai ranar Juma'a, mutane suka riƙa jira mako da makonni. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne tsofaffin, don ba kowa ke da lokacin jira ba.

Ana cikin haka Abdulaziz, wani abokin karatunmu da ya buɗe shagon buga alluna a Kaduna, ya kira shi. Ya ce ya zo, ga wurin kwana, ga aiki na zaune a inuwa, kuma zane ne. Sahabi ya yi ta juya maganar. Inna Kulu ce ta yanke.

"Tahi," ta ce. "Ba don ka tsare ni aka kai ka makaranta ba."

Ya tafi. Ya koyi kwamfuta da sauri, ya riƙa haɗa allunan biki da na shaguna, inji na fitar da su cikin ɗan lokaci, launi tas, ba ɗigon fenti a riga. Abdulaziz ya riƙe shi da kyau. Amma duk lokacin da muka yi waya, tambayarsa ɗaya: an yi ruwa a Gusau? Ya ce a can babu wanda ke zama kusa da shi yana cewa matsar da rijiya. Mai aiki ya turo hoto ta waya, ya zo ya karɓa, shi ke nan. Wata rana yana kan hanyar masallaci ya hangi motar katako ta wuce, ba ta Haruna ba ce ma, amma ya bi ta da ido har ta ɓace, ya rasa abin da ya hana shi motsi.

Bai cika shekara ba ya dawo. Wasu cikinmu sun ce ya yi wauta, kuma ban iya cewa ba su da hujja ba. Shi kansa bai kare kansa ba. Ya ce kawai, "Can ina da aiki, amma kullum ji nake kamar na zo wucewa."

Alhaji Buba ya sake karɓarsa, amma na wasu ranaku a mako, don ya riga ya ɗauki wani. Sauran ranakun sai Sahabi ya nemi aron gona wajen wani manomi a Wonaka, 'yar ƙarama, ya ce aƙalla karatun da ya yi ya taɓa ƙasa. Bara ya shuka waken suya da gero. Geron tsuntsaye suka raba da shi, waken ya yi kyau. Maƙwabtan gonar sun fara tsayawa suna tambayarsa yadda ya yi tazarar shuka, shi kuma ya tsuguna ya nuna musu, har ya manta da nasa aikin. Babu babur, babu albashi, amma ya ce ranar da wani ya kira shi malamin gona cikin wasa, sai da ya juya baya don kada a ga fuskarsa.

Haka yake zaune yanzu, mako ya rabu uku: buhu a Bunguɗu, fartanya a Wonaka, fenti ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Bai yi aure ba. Akwai wadda yake so a Tsafe, Hauwa'u, malamar firamare, iyayenta sun ce ba su ƙi ba, amma suna son su san wace sana'a za su ce surukinsu na yi. Ya ce tambayar ba ta ba shi haushi ba, don shi ma yana yi wa kansa ita.

Tungar Tambaya kuwa bai koma ba. Wasu samari sun leƙa da aka ɗan samu sauƙi, suka dawo da bidiyo a waya. Suka miƙa masa ya gani, ya ce su bari tukuna. Har yau bai kalla ba.

Farkon daminar bana na je Wonaka na same shi a gona. Ruwa ya yi jinkiri, ƙasa ta bushe, ya riga ya yi huɗa yana jira. Muna zaune a inuwar wata ɗorawa ya nuna mini saƙo a wayarsa: an gayyace shi wata jarrabawar ɗaukar ma'aikata a Sakkwato, mako mai zuwa.

"Za ka je?"

"Zan je. Kullum ina zuwa." Ya ɗaga kai yana duban gabas, inda hadari ya ɗan haɗu. "Sai dai in ruwan nan ya sauka ranar, ban san yadda zan yi ba. Shuka ba ta jiran mutum."

Na ce to wanne zai zaɓa. Iska ta taso mai ɗan sanyi, ta kaɗa busasshen ganye ta cikin kunyoyin. Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya ce in zo in taya shi ɗauko irin daga gidan mai gonar, ko da Allah zai sa a yi ruwa kafin magariba.