Zazzaɓin da Ya Biyo Ƙunar Yaya

Yayata ƙosai take soyawa a bakin kasuwar Kore Mairuwa. Wata ranar kasuwa akuya ta bangaje kaskon, mai ya kwarare mata a ƙafa tun daga gwiwa. Muka kai ta gidan likita, aka kwantar da ita.

Ƙunar ta fara warkewa. Yaya har ta fara zama tana yi mini faɗa a kan na bar 'yan makarantata ina gadinta. "Auta, koma wurin aikinka. Ƙafa ce kawai."

Sai zazzaɓi ya zo. Sanyi ya kama ta har gadon ƙarfen yana kaɗawa, hannun da aka sa mata ƙarin ruwa ya kumbura ya yi ja. Ta dube ni ta kira ni da sunan babanmu da ya daɗe da rasuwa.

Gwaggonmu ta ce doguwa ce, ai tun farko akuyar nan ba akuya ba ce. Mijin Yaya, wanda ba ya son jin zancen iskoki, ya ce a daina kawo shirka kusa da matarsa. Suna ta jayayya a bakin ƙofa lokotoron da ke duba ta ya ja ni gefe.

"Ƙwayoyin cuta sun shiga jininta," ya ce.

"Ta ina?"

"Ko ta ƙunar, ko ta allurar hannun. Ba zan iya rantsuwa ba. Maganin da muke da shi ba ya jin su, kuma ba mu da abin gane irinsu. Sai Yamai."

Na ce to mu tafi. Ya ce jininta ya yi ƙasa, da wuya ta jure hanya. Duk da haka muka ɗauke ta a mota. Ba mu kai Dosso ba ta cika, direba ya juya da mu.

Wajen wanka, matan suka ce ƙafar ta yi sabuwar fata, sumul.

Masu gaisuwa suna ta cewa wuta ba ta da kyau, kwana ne ya ƙare. Na amsa da amin kamar kowa. Na gwada yi wa wani kawu bayanin jinin, ya dafa ni ya ce boko ya sa mini yawan tambaya. Daga nan ban ƙara ba.

Gwaggo da mijin Yaya har yau ba sa gaisawa. Kowa na ganin ɗayan ne ya ɓata lokaci.