Ruwan Jinin Yaya

Da damina ciwon ya kama yayana, 'yan shekaru bayan an yanke mana Jigawa. Masunci ne, mutumin da yake tura kwalekwale daga Hadejia har Guri yana waƙa, sai ga shi takalmi yana zame masa daga ƙafa bai sani ba. Ƙafafun ne suka fara mutuwa, abin ya riƙa hawa kamar ruwa a fadama, yau gwiwa, gobe ƙugu. Da hannunsa ya kasa riƙe kofi muka ɗauke shi sai babban asibiti a Kano.

Likita ya ce sojojin jikinsa, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, su ne suka juya suna dukan jijiyoyinsa. Ni da na tashi a zamanin juyin mulki ban sha wahalar ganewa ba. Magani shi ne a ɗebi jininsa, a juya a inji, a zubar da ruwan ɗorawar da 'yan tawayen suke ciki, a mayar masa da jan tare da ruwan jinin wasu mutane, a yi ta maimaitawa. Ya ce mu kawo masu ba da jini da gaggawa, don in ciwon ya kai ƙirji, numfashi ne zai tsaya.

Nan Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya gyara zama. A gidanmu tun kana goyo ake ɗura maka maganin ruwa na masunta, mai hana nutsewa, kuma a ganin Baffa duk a jini yake kwance. To in za a zubar da wancan, dole abin da za a zuba ya zama na masunta tsantsa.

Maƙwabcinmu, wani malamin makaranta ɗan Filato da ya rako mu, tuni ya naɗe hannun riga. Baffa ya yi masa godiya har da dafa ƙirji, sannan ya ce, "Malam, ka iya ruwa?"

"A bokiti dai, Baba."

"To Allah ya saka da alheri, sauke rigarka."

Ni ma Baffa ya soke sunana, wai aikin ofis ya tsinka min jini, ga shi ina amai a kwalekwale. Baffa ya koma gida neman jini na gari. Ya bi Auyo, ya bi Guri, yana tambayar asalin mutum har kakan kakansa, sai ka ce 'ya zai aurar. Kafin ya dawo, muryar Yaya ta koma raɗa, tarinsa kamar na jariri.

Ya iso da akori-kura cike da masunta, warin banda ya riga su shiga asibiti, kyanwoyin Kano kaf suna biye. Aka ɗebi jininsu. Baffa ya tsaya a ƙofa, yana jiran ya raka ledojin zuwa gadon ɗansa. Sai nas ta wuce da su wani ɗaki daban.

"'Yata, ba nan yake ba!"

"Baba, wannan na ajiya ne, sai an gwada. Nasa yana firij tun jiya, ku muke jira ku mayar da gurbi."

"Na wa ke firij ɗin?"

"Wa ya sani? Ko direba, ko tela, ko mai tuwo."

Baffa ya ce sai dai a bi ta kansa. Matar Yaya, wadda tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa jin muryarta a gaban Baffa ba, ta durƙusa ta ce, "Baffa, ku gafarce ni. Ko na akuya ne a sa masa. Ku dubi yadda yake jan iska." Baffa ya leƙa, ya ga kafaɗun Yaya suna ɗagawa da kowane numfashi. Ya cire hula, ya matsa gefe.

Aka yi, aka sake, aka kuma. Ciwon ya tsaya a bakin ƙirji, ya fara janyewa a hankali. Yatsa ya motsa, muka yi kabbarar da ta tayar da marasa lafiyar ɗakin gaba. Sai da kaka ta wuce Yaya ya taka da sanda, da rani ya koma ruwa.

Baffa dai bai huce ba. In Yaya ya yi tayin kaya a kasuwa, sai Baffa ya ce jinin Kanawa ne. In ya ɗinke yagar taru da kyau, ya ce ga telan nan ya fito. Shi kuwa Yaya dariya yake yi, ya ce ko su waye a jikinsa, ba su taɓa hana shi numfashi ba.