Randar da Na Sha Ruwanta Na Yi Shiru

Shekarun baya da nisa, tun Minna ba ta san za ta zama babban birnin jiha ba, na yi wani aiki da ko 'ya'yana sai kwanan nan suka ji labarinsa. Ni ne mai zubar da baƙin mai a garejin wani ɗan kwangilar hanya, can wajen Chanchaga. Lokacin ana yaƙi, kullum rediyo maganar rijiyoyin man fetur na Kudu take yi, wai arziki ne ya ɓullo daga ƙasa. Ni dai rabona a cikin wannan arziki shi ne kashinsa.

Duk tifa ko katafilar da za a canja wa mai, ni nake rarrafawa ƙarƙashinta da rabin duro in tare tsohon, in kai bayan gareji in tara. Idan durorin suka cika, dokar helma, wato shugaban ma'aikatanmu, ita ce in juye su a rami in cinna wuta. Hayaƙin kan yini yana tashi, baƙi ƙirin.

Daga wani ƙauye a arewacin Katsina na zo, ban san kowa ba. Makanikai suna cin abinci tare a gindin mangwaro. Ba wanda ya taɓa kora ta, amma da na zauna sai in ga kowa yana ɗan muskutawa, har dai na gane na daina zuwa. Na gwada sabulu, na gwada toka da yashi, warin bai bar jikina ba. Ranar Juma'a ƙarshen sahu nake nema don kada in goga wa wani a riga. Sai in yini in koma ɗakina a Barkin Sale ba wanda ya ce mini komai ban da "zo ka tare". Kaɗaici ya ci ni ƙwarai a shekarar nan.

Ana haka wata rana wata tsohuwa Bagwariya ta tsaya a bayan gareji. Maginiyar tukwane ce, kullum takan wuce ta nan da ƙwaryar yumɓu a kafaɗa, yadda matansu suke ɗaukar kaya. Ta miƙo mini kwalba.

"Ɗana, ba ni baƙin mai kaɗan. Gara ya gama cin ƙafar rumbu."

Na cika mata. Washegari sai ga ta da gasasshiyar doya. Ta sauke kayanta ta zauna dab da ni, ta raba doyar biyu. Na ce a raina yau dai an samu wanda ya ga kyawun halina. Daga baya na gane ba halina ba ne, hancinta ne ya daɗe da mutuwa saboda garin tabar da take shaƙa. Duk da haka na karɓa hannu bibbiyu.

Daga nan ya zama kullum. Ina kiran ta Iya, tana kira na ɗanta. Ta ba ni labarin ramin da take haƙar yumɓu a bakin ƙorama, ta ce uwarta a nan ta haƙa, kakarta ma haka. Ni kuma in ba ta labarin mahaifiyata. Hausarta ba ta damu da namiji ko mace ba, amma ban taɓa samun wanda ya saurare ni kamarta ba.

Abu ɗaya ne ke hana ta zuwa, ranar ƙona mai. Hayaƙin yana sa ta tari har idonta ya yi ja, sai ta zagaya ta wata hanya, wani lokaci kwana biyu ban gan ta ba. Ni kuma kwana biyun nan sun yi mini yawa. Sai na yi dabara irin ta yaro mai jin kansa. Akwai wani busasshen kwari a bayan gareji, na haƙa rami mai zurfi a cikinsa, na riƙa juye man ina rufewa da ƙasa. A garinmu yashi ne, abin da ka zuba ya tafi ke nan, ruwan sama kuma ba ya daɗewa. Ban tambayi kowa ina kwarin ya nufa ba. Helma ya ga babu hayaƙi, ya ga durori babu komai, ya wuce abinsa. Duk ranin nan Iya ba ta yi fashin zuwa ba, ni kuma ina ta yaba wa kaina.

Sai damina ta sauka, irin ta Minna, wadda ban saba gani ba. Kwarin da na sani a bushe ya cika ya tumbatsa, ya yi ta gangarawa wajen ƙorama.

Da ruwa ya fara ja baya, Iya ta zo mini da kyauta. Ƙaramar randa ce, ta yi mata zane a wuya.

"Wannan naka ne. Na gasa shi daban, kafin na kasuwa. Ka daina shan ruwan gwangwani kamar kaza."

Rabona da kyauta tun da na bar gida. Na rungumi randar har ɗaki, na wanke, na cika, na bari ta yi sanyi. Da na kai moɗa baki sai na ji shi. Duk duniya ba warin da na sani kamar wannan. Na zubar na sake cikawa, na ce ƙila hannuna ne. Na roƙi matar mai gidan haya ta ɗebo da hannunta ta ɗanɗana. Ta tofar, ta ce, "Malam, wannan ai kananzir aka zuba a ciki."

Da sassafe na bi kwarin da ƙafa har ƙarshensa. A bakin ramin yumɓun Iya ya tsaya. Ruwan da ya kwanta a ciki yana walƙiya launi-launi, ƙasar gefen ta yi duhu tana santsi.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Da rana ta zo da doyarta, ta ce, "Yaya ruwa, ya yi sanyi?" Na ce, "Ya yi sanyi, Iya." Na san tana da tukwane jere a tsakar gida suna shan iska, aikin wata da watanni, ana jiran ranar gashi. Na san tana ci gaba da haƙa a ramin. Amma na duba na ga idan na faɗa, gobe ni kaɗai zan zauna a bayan durori. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, har aka yi mako biyu.

Ta gasa tukwanen duka. Waɗansu suka tsage a wuta, waɗanda suka tsira ta kai su kasuwar Paiko. Mata suka saya, kasuwa ta zagayo suka dawo mata da su. Aka fara cewa kayan tsohuwar nan wari suke yi, a wuce gaba.

Ranar da ta zo ba ta kawo doya ba, ba ta kuma sauke komai daga kafaɗa ba, don babu abin saukewa. Ta zauna ta ce, "Ɗana, ƙasan uwana ya lalace. Ban san abin da na yi masa ba."

Jin ta ɗora wa kanta laifi shi ya buɗe mini baki. Na faɗa mata komai, ramin, kwarin, da dalilin da ya sa na daina ƙonawa. Ta daɗe tana kallon durorin. Sannan ta tambaye ni abu ɗaya.

"Randa da na ba ka, ka ji wari?"

Na ce na ji.

"Ranar farko?"

Na ce ranar farko.

Ta gyaɗa kai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mai, ba ka sani ba, ruwa ne ya kai shi. Amma hanci, kai kana da shi, ni ba ni da shi. Da ka ara mini."

Ta tashi ta tafi. Bayan 'yan kwanaki na ji ta koma wajen 'yarta a wani ƙauye gaba da Paiko, inda ake samun yumɓu. Na je na faɗa wa helma, ya zage ni son ransa, ya ba ni shebur. Na yi makonni ina kwashe baƙar ƙasar nan ni kaɗai. Daga baya na riƙa tace man ina raba wa kafintoci da masu rufin ɗaki su shafa wa katako, abin da ya rage kaɗan ne. Sau biyu na shiga motar Paiko ranar kasuwa, na zagaya layin masu tukwane, ban gan ta ba.

Yanzu na tsufa, na fi ta shekaru a lokacin da na san ta. Idan na ga yaran gareji suna tuttular da baƙin mai a kwata, nakan tsaya in tambaye su ko sun san inda kwatar ta nufa. Su yi dariya, su ce Baba ya fara. Ba na jin haushinsu, ni ma na yi rashin sani. Abin da ban yafe wa kaina ba shi ne mako biyun nan. Tsoron kada in rasa mutum ɗaya da nake da shi ya sa na bari ta yi asarar komai, kuma a ƙarshe na rasa ta ɗin.

Randar tana nan a kusurwar ɗakina. Matata ta sha cewa a jefar, tunda ba a shan ruwanta. Warin ya daɗe da fita, kowa ya shinshina ya ce ba ya jin komai. Ni har yau ina ji.