Gwangwanin Maɓallan Ma'aji

Shekara ashirin da biyu tana ɗinki a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu, ba wanda ya taɓa ganin ta yar da ko ƙyalle ɗaya. Shi ya sa mijinta, mai shagon aski, ya raɗa mata suna Ma'aji. Guntun zare, murfin kwalba, tsohon zif, kowanne da gwangwaninsa. Yakan tsokane ta cewa ran da ya mutu ma ninke shi za ta yi ta tura ƙarƙashin keken ɗinki.

Wata Litinin ciwon haƙori ya sa shi gaba, ga mura. Laraba ya fara amai. Alhamis da hantsi idanunsa suka koma rawaya, ya ɗauki cokali yana ƙoƙarin yi wa filo aski. Ma'aji ko ɗankwali ba ta tsaya gyarawa ba, sai asibiti.

Aka ɗebi jini. Likita ta ce hantarsa ce ke neman tsayawa farat ɗaya, gubar da ta kasa tacewa ce ta hau masa kai. In ba a san abin da ya sha ba, lalube za su yi ta yi, rai kuwa na iya yin halinsa. Shi kuwa har sunansa ya manta.

Ma'aji ta zabura ta fice. Bayan minti arba'in ta dawo tana haki, ta zazzage gwangwanin maɓalli a teburin likita. Cikin maɓallan ga fankon katin magani tara: ja na haƙori, kore na mura, fari na ciwon jiki. Ta jera su bisa ranakun da ta tsince su a ƙarƙashin gado.

Likita ta juya bayansu ta karanta, ta miƙe tsaye. "Mama, ai duk abu ɗaya ne, farasitamol. Riga kawai ya canja. Sau uku yake ninka wa hantarsa."

Nan take aka sa masa makarin maganin a ƙarin ruwa.

Kwana biyar Ma'aji na zaune a gefen gado tana leƙa idanunsa. A na shida ya dube ta sosai, ya tambaya ina takalmansa.

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye, ta ce, "Suna nan a ajiye, Maigida. Kai ma ai ban yar da kai ba."