"Da Sauƙi" Ta Kusa Cinye Min Haƙƙina

Likita a Doha ya tambaye ni ciwon baya, na ce, "Alhamdulillah, da sauƙi." Ya rubuta.

Sai nas ɗinsa, wata 'yar Jos, ta juyo da Hausa: "Malam, kai da ka shigo da sanda? Nan ba zauren gaisuwa ba ne. Abin da ka faɗa shi masu biyan diyya za su karanta."

Tun da na faɗo daga tsani a wurin aiki lokacin Kofin Duniya, haka nake amsa wa likitocin Doha. Ashe ni ke ɓata takarduna!

Ranar na zazzage komai, har sallar da nake yi a zaune. Yau an amince da rahotona, har na taka rawa da sandar.

Ku fa, bakinku na iya cewa "babu sauƙi"?