Kujerar Gaban Murhu

Babanmu kafinta ne, kuma duk unguwarmu ta Tishigu an san hannunsa. Ƙofa ko gado ko bencin masallaci, in shi ya yi, sai dai a gaji da ganinsa a kyautar. Amma aikinsa da ya fi tsaya mini a rai bai taɓa fita daga gidanmu ba.

Mma, mahaifiyarmu, a kan 'yar kujerar katako take tuƙa tuwo. Tun ina yarinya gwiwoyinta ke damunta, ita kuwa ko za ta mutu ba za ta ce wash ba. Baba ma ba ya tambaya. Ya dawo daga shago da garin katako har a gira, ya zauna yana wanke ƙafa, yana satar kallon yadda take tashi. Ran da ya ga ta dafa ƙasa kafin ta miƙe, shi ke nan. Bayan 'yan kwanaki sai ga sabuwar kujera a gaban murhu, ta ɗan ɗara tsohuwar tsawo. Bai taɓa gwada Mma da tef ɗin awo ba.

Mma ta harari kujerar ta ce, "Wa ya ce maka na tsufa?"

Ya ce, "Guntun katako ne ya rage, kar ya lalace."

Sai ta yi tsaki ta zauna. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, mu yara muna gadon tsofaffin muna faɗa a kansu.

Ina aure a Sagnarigu hawan jini ya kayar da shi, ɓarin damansa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Kullum da la'asar nakan hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, in zo, mu fito da shi tsakar gida ya sha iska. Wata rana Mma ta gama kwashe tuwo, ta yunƙura ta kasa, sai da ta dafa ƙasa da hannu biyu. Na juya na ga Baba ya gani. Ya dubi hannunsa da ke kwance a cinya, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗago yatsun hagu yana nuna mini tsawon da za a ƙara wa kujerar, yana ta ƙoƙarin magana. Yatsun rawa suke yi. Na ce, "Baba, biyu ko uku?" Ya girgiza kai, hawaye na zuba. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba. Bai kai azumin shekarar ba.

Tun daga nan na shiga neman abin da Mma za ta zauna a kai. Na sayo kujerar roba mai hannu, ta ce ta baƙi ce. Na ɗauko wani tsohon yaron shagon Baba, wanda yanzu ke da nasa shagon a Nyanshegu. Ya auna ta da tef tun daga diddige har gwiwa, ya yi aiki mai kyau tsakani da Allah. Mma ta sa masa albarka, yana fita ta ɗora kwanon tumatir a kan sabuwar kujerar.

Ni ba haƙuri ne da ni ba. Na ce, "Mma, so kike ki karye? Katako fa katako ne!"

Ta ce, "Ba na so koraa, ko kaɗan. Ki bar ni."

Da damina ta faɗi a gaban murhu, Allah ya kiyaye tukunyar ba ta bi ta ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ɓoye kujerar Baba a ɗakin ajiya. Yini guda ta ƙi cin abinci, da hannuna na fito da ita.

Yanzu ƙanwata ce ke girki, amma Mma na nan a wurinta, tana gyaran ganyen miya na ayoyo tana ba da umarni. In za ta tashi sai an kama ta. Jiya ni na sa hannu a hammatarta, muna nishi mu biyu, na ce a hankali, "Mma, kujerar nan ta yi miki ƙasa."

Ta ce, "Na sani. Da yana nan, da tun bara ya gani."